Waɗanda Makara Ba Ta Ɗauka Ba

Shekaranjiya da hantsi wasu 'yan mata biyu suka yi sallama a ƙofar gidana, kowacce da 'yar falmaran ta ma'aikatan lafiya a kan hijabi, kowacce da waya a hannu. Ina zaune a kan buzu ina shan inuwar katanga, suka durƙusa suka gaishe ni, suka ce matar gida suke nema. Matar ɗana ta leƙo da ludayi a hannu. Suka tambaye ta yara nawa ne a gidan da ba su kai shekara biyar ba, ko akwai mai zazzaɓi da ƙuraje, ko akwai wanda ya rasu tun daga ƙaramar salla. Ta ba su amsa hankalinta na kan tukunya, kamar an tambaye ta kajin gida. Ɗaya daga cikinsu ta latsa waya ta ce an gama, labarin ma ya isa Sakkwato. Na ce tun yanzu? Ta yi dariya ta ce, "Baba, ai kahin ka gyara zama ya kai." Suka yi rubutu da alli a jikin ƙyaure suka wuce gidan gaba. Ban ji daɗi ba, ban ji haushi ba. Na dai zauna har rana ta cim mini ƙafa ban ja buzun ba, don ni ma na taɓa yin aikin nan nasu a garin nan na Sabon Birni, da ƙwarya da tsakuwa, kuma na yi shi ba daidai ba.

Shekarun fari ne. Kada a tambaye ni wace shekara, mu ba da kalanda muke riƙe zamani ba. Abin da ya fi zauna mini a rai ba yunwar ba ce, shirun ne. Wanda ya tashi ya tarar da injin niƙa ba zai gane ba. A da, tun kafin rana ta fito garin nan ke ɗaukar lugude, turmi na amsa wa turmi daga unguwa zuwa unguwa, har kana iya sanin gidan da aka yi baƙi daga yawan taɓarya. Da ruwa ya ƙi shekara ta biyu sai dakan ya riƙa raguwa gida gida, har aka wayi gari in ka ji turmi sai ka tsaya ka kasa kunne ka ji gidan wa ne. Shanu ma sun daina kuka. Gulbi ya koma rairayi, mata na tona shi har iya ƙugu su zauna jiran ruwa ya tsatso. Muka ci anza, 'ya'yan wani icen daji, wadda sai ta yi kwanaki a jiƙe kafin ɗacinta ya fita, ga ruwan jiƙon ma babu. Muka ci ganyen tafasa da dusa, wasu suka tona gidan tururuwa suka kwashe abin da ta tara. Inna, mahaifiyata, takan raba mana ɗan abin da aka samu ta ce, "Ku ci sannu-sannu, cikin shi zaci da yawa na." Mutanen arewa kuwa suna ta kwararowa ta Burkusuma, Buzaye da Fulani da Hausawan ƙetare, wanda jiya yake da garke yau sanda kaɗai gare shi, suna kafa bukkokin tsumma a bayan gari.

Lokacin ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina da mata guda, Kulu, da yarinyarta da ba ta daɗe da fara tafiya ba, wadda matan gida ke ce wa Ladi. Sana'ar gidanmu gadon kara da na gwangwala, ita ubana ya bar mini. To a shekarar da gero bai kai gwiwa ba, wa zai ba ka kara? Wanda ya samu ma tumaki yake yanka wa. Sai ya zama ba ni da aikin da ya wuce makarar unguwarmu. Ubana ne ya ɗaure ta da hannunsa, tana jingine a zauren masallaci, kuma tun rasuwarsa ni ke duba ta, in sake igiya, in canja gwangwalar da ta tsage. Ta yanzu ƙarfe ce, mai walda ya yi ta, har da fenti kore, ba ta bukatar kowa. Tamu kuwa tana kuka in an ɗauka, wani ƙiƙi-ƙiƙi da duk ɗan unguwa ya sani, kuma a shekarar nan igiyarta ba ta mako ba ta saki ba.

Da bazara ta kama sai ƙyanda ta shigo. Manya ba sa kiran sunanta, baƙon dauro suke cewa, wai in ka ambace ta ka gayyato ta. An ce daga bukkokin bayan gari ta fara, wasu suka ce a'a, daga Gangara wata ta zo da ita a bayanta ranar kasuwa. Ko ta ina ne dai, ta tarar da yara ba ƙwari. Yadda muka gada, yaron da ya kamu a ƙurya ake sa shi, a rufe ƙofa, ba wanka, ba iska, ba a kuma yayata shi. In ka tambayi uban gida lafiyar iyali zai ce maka lafiya lau, alhali kana jin tarin daga zaure.

A nan ne duba-gari ya tara masu unguwanni. Wani dogon Basakkwace ne mai gajeren wando da keke, wanda a shekarun daɗi mata ke ɓuya in sun ji ƙararrawarsa, don randa yake leƙawa ya nemo tsutsar sauro ya yi ta faɗa. Shekarar nan ba randar da ke da abin leƙawa. Na raka mai unguwarmu, ina tsugune a baya na ji abin da ya ce.

"Akwai lamba wadda ka hana ta, amma ba ta isa kowa lokaci guda. Mota guda anka ba mu, daga nan har Isa. Inda cutar ta hi ƙarhi, nan za ni hwara kai ta. Kowane mai unguwa shi kawo mani lissahin mutuwar unguwatai duk ranar kasuwa."

Lamba ita ce allurar rigakafi, haka muke ce mata. Ya zana garin da gawayi a bangon ofishinsa, unguwa unguwa, da ƙauyukan da ke kewaye, har ya ja wani dogon layi ya rubuta Isa a ƙarshensa. Mu da ba mu taɓa ganin garinmu a bango ba muka yi ta kallo.

Mai unguwarmu dattijo ne mai son a ga ya iya aiki, rawaninsa ya fi unguwar girma. A hanyar komawa ya tsaya ya dafa kafaɗata.

"Kai ad da makara. Nemi ƙwarya. Duk hitar da tay yi, jefa tsakuwa guda. Kak ka ƙara, kak ka rage."

Na ce to. Har raina na ji dabarar ta yi, don ba gawar da za ta fita unguwa ba ta bi ta hannuna ba, haka na ɗauka. Na samo ƙwarya mai ɗinki, na wanke tsakuwa, na ajiye a lungun zaure. Kuma wallahi na riƙe amana. Ko ina bakin gulbi aka ɗauki makara, da na dawo sai na tambaya na jefa. Tsohuwar gidan magina, guda. Wani Buzu da ya faɗi a bakin masallaci ba a san danginsa ba, guda. Ladanin da ya riga ya daɗe a kwance, guda.

Abin da ban jefa wa ba shi ne abin da ke wucewa ta gabana safe da yamma. A wurinmu ƙaramin yaro ba ya hawa makara. A tabarma ake naɗe shi, namiji guda ya ɗauka bisa hannu, mutum uku ko huɗu su bi baya. Ba shela, ba zaman makoki na kwanaki, ba a ma cewa ya mutu, cewa ake ya koma. Uwa ta share ido ta ɗauki tulu. In an wuce da irin wannan ina zaure sai in miƙe in ce Allah ya ba da haƙuri, Allah ya sa mai ceto ne, in koma in zauna kusa da ƙwaryata. Wasu ma da ni aka haƙa ramin. Ba wai na yi tunani na yanke cewa ba za su shiga lissafi ba. Tunanin ne bai zo ba sam. An ce mini makara, makara kuwa ba ta motsa ba.

Ranar kasuwa ta farko na juye tsakuwata gaban duba-gari, guda biyar. Ta biyu, huɗu. Ya tambayi su wane ne, na lissafa masa, duk tsofaffi. Ya ɗiga mana 'yan ɗigo kaɗan a bango. Wasu unguwannin limamai ke kawo nasu, su kuwa kowa suka yi wa salla suna faɗa, sai wurarensu suka yi baƙi ƙirin da gawayi, haka ma ƙauyukan hanyar Isa. Namu ya fito fari tas a tsakiya. Ya ce, "Ku Allah ya tsare ku. Ku yi haƙuri, sai mota ta dawo." Aka yi wa unguwanni biyu na cikin gari, mota ta nufi Isa. Mai unguwa ya dawo yana gyara rawani yana gaya wa mutane an yabi unguwarmu gaban hukuma. Ni ma na shiga gida ina jin kaina.

Kulu na tsugune tana tace anza, yarinyar na riƙe da bakin zanenta. Ba ta ɗago ba ta ce, "Yaushe za su zo nan?"

Na ce, "Sai sun ƙare da Isa. An ce mu lahiya muke."

"Lahiya." Ta ajiye matacin. "Gidan mahauta biyu. Gidan magina guda, guda na kwance. Ɗiyar Hassi shekaranjiya. Tagwayen maƙera duka."

"Wa'annan ai ƙanana na. Ba su hau makara ba."

Ta dube ni. Kulu ba mai yawan magana ba ce, kuma a zamaninmu mace ba ta ja da miji a kan aikin da mai unguwa ya ba shi. Ta ɗauki yarinyar ta goya, ko da yake ba inda za ta, ta ci gaba da tacewa. Na sha tuna kallon nan. Da na tsaya na tambaye ta me take nufi, da a ranar an gyara. Amma ni lokacin yaro ne mai ƙwarya, hukuma ta san da zamana, wa zai gaya mini?

Mako na uku ne asiri ya tonu, kuma ba don wayona ba. Tayar keken duba-gari ta yi faci daidai masallacinmu bayan la'asar, ya shigo zaure ya zauna yana jiran mai gyara. Muna nan sai ga maƙerin unguwa ya wuce da tabarma bisa hannu, ƙannensa biyu na biye. Na miƙe na yi masa gaisuwa, na dawo na zauna. Duba-gari ya dubi ƙwarya, ya dube ni.

"Ba ka jefa ba."

"Jinjiri na, ranka shi daɗe. Bisa hannu aka kai su."

Ya bi tabarmar da kallo har ta sha kwana. Sannan ya ce, "Guda nawa sunka wuce haka?"

"Ban ƙirga ba."

"Tashi mu tai maƙabarta."

Ya bar keken nan. Maƙabartarmu tana gabas da unguwa, kuma ni kusan kullum ina cikinta, amma ranar ce na fara ganin ta. Gefen da ake sa yara ya ci har ya tsallake tsohuwar iyaka ya shiga gonar wani. 'Yan tudu ne gajeru, tsawon kamu biyu, an ɗora wa kowanne ƙaya saboda karnuka, ƙasar wasu ko bushewa ba ta gama ba. Yana tafiya tsakaninsu leɓensa na motsi. Da ya kai tsakiya ya daina, ya cire hula ya riƙe a hannu. Na tsaya ina jiran zagi, don mutumin da ke tara unguwa saboda randa guda na san yau sai ya ci mutuncina. Bai zage ni ba. Har yau na fi son a ce ya zaga.

"Laihina na," ya ce. "Ni ɗan ƙasar ga na, na san haka aka yi, ban hwaɗi ba." Ya mai da hula. "Kana da ɗiya?"

Na dubi ƙasa. "Akwai guda wurin mai ɗakina."

"Ta yi ta?"

"Ba ta yi ba."

"Za ni aika a juyo da mota, amma sai sun ƙare can, kwana ukku ko huɗu. Kak ka jira. Akwai babbar mota da ta kawo hatsin taimako, gobe da sahe za ta koma ta Isa. Ɗauke ta ka kai."

Da na gaya wa Inna ta ce atabau, ba a fita da yarinya cikin iskar nan, mu rufe ta a ɗaki Allah ya fi mai lamba. Inna ta haifi tara ta binne biyar, ba wanda ke gaya mata yadda ake riƙon yaro. Da gari ya waye tana tsaye a bakin ƙofa tana maimaitawa. Kulu, wadda tunda aka kawo ta gidan ba ta taɓa ɗaga ido gaban Inna ba, ta ɗaure goyo, ta durƙusa ta ce, "Inna, ki yahe mani," ta raɓa ta gefenta ta fita. Na bi ta da gorar ruwa.

Yanzu yaro kan hau babur ya je Isa ya dawo kafin azahar, in hanya ta yi lafiya. Mu kusan wuni muka yi a bayan motar nan, kan buhunan da aka zazzage, tana nutsewa a rairayi muna sauka muna turawa. Hagu da dama ƙasusuwan shanu ne da ungulu, da mutane jere suna tafiya kudu da tukwane a ka, ba mai ɗaga wa motar hannu. Yarinyar takan yi surutu irin nasu, ta nuna abu ta kira shi da sunan da ita kaɗai ta sani. A gida in ina murza igiya takan zo ta zauna a kan kabar ta hana ni ja, in yi kamar ban gan ta ba, in jawo wata. Ina son ta ƙwarai, ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar kuwa shiru ta yi, ta kwantar da kai a bayan uwarta. Na ce barci take. Kulu ta gyara goyo. Ita da yarinyar ke manne da bayanta ta riga ta ji abin da ban ji ba.

Mun tarar da masu lamba a Isa a gindin wata tsamiya, layi ya miƙe har bayan kasuwa. Ba allura ba ce irin ta yanzu, wata bindiga ce da ake taka mata feda da ƙafa, a ɗora a dantse ta yi tsit, yaro ya callara ihu a wuce. Gefe ga akwatin ƙanƙara an lulluɓe da bargo, ɗan doka na gadi. Rana ta karkata kafin mu kai gaba. Kulu ta sauke goyo. Mai lambar ya kama dantsen, sai ya dakata. Ya taɓa goshinta, ya duba idonta da ya yi ja yana ruwa, ya ja leɓenta ya leƙa, ya juya bayan kunnenta.

"Wagga ta riga ta kamu."

Na ce, "A yi mata dai, ranka shi daɗe. Daga Sabon Birni muke."

"Ko na yi ba ta hana komi yanzu, ta wani za ni ɓata. Ku ba ta ruwa, ku ba ta abin da kunka samu, kak ku ruhe ta cikin ɗaki. Da kwana goma da sunka wuce kunka kawo ta, da ta tsira da ita."

Ya miƙa hannu ya jawo yaron da ke bayanmu. Ba mugu ba ne, layi ne a gabansa. Na tsaya a gefe da gora a hannu. Kwana goma da suka wuce motar tana garinmu, tsallaken titi da unguwarmu, na kuma san abin da ya hana ta shigowa. Ban ji komai ba. Na tuna har na lura igiyar da suka ɗaure rumfarsu da ita ba ta murzu da kyau ba.

Muka dawo washegari. Ƙurajen suka feso daga fuska suka gangara, idanun suka manne, tari ya sauka ƙirji. Kulu ta ƙi rufe ƙofa, Inna kuma ba ta ƙara hanawa ba, ita ce ma ke ɗiga mata ruwa da cokalin duma. Nono ya daɗe da ƙafewa, kunun da za a ba ta ruwan dusa ne. Kwana uku da dawowarmu mota ta shigo unguwa. Muna ciki muna jin sanƙira na shela, muna jin tsit ɗin nan da ihun yara daga ƙofar mai unguwa tun safe har yamma. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi ihu ranar suna nan, wasu da jikoki, wasu na gaishe ni a masallaci. Wannan ma gaskiya ce, ina faɗa wa kaina ita wani lokaci, ba ta dai yi mini wani amfani.

Ta cika da hantsi a rana ta shida da dawowarmu. Inna ta yi mata wanka da ruwan da bai cika ƙwarya ba. A al'adarmu ɗan fari ba na iyayensa ba ne a idon jama'a. Ba ka ɗaukarsa gaban mutane, ba ka wasa da shi, ba ka kiran sunansa, kunya ce, kuma wanda ya karya ta sai a yi ta yi da shi a gari. Ko gawarsa wani namiji cikin dangin uba ke ɗauka. To ƙanin ubana ya tafi cin rani kudu, yayana ya bi shi, mazan gidan sun watse neman abinci. Liman ya duba hagu ya duba dama, ya miƙo mini tabarmar. Wannan ne karo na farko da na ɗauke ta a waje. Ba ta kai daurin kaba nauyi ba. Muka bi ta gaban zauren masallaci, makara na jingine a inda take, wani tsoho ya miƙe ya yi mini irin gaisuwar da nake yi wa mutane, na amsa masa daidai yadda ake amsawa.

Ban yi kuka ba, Kulu ma ban ga ta yi ba. Mutanen yanzu in na faɗi haka sai su ce taurin zuciya ne irin na mutanen da. Ba shi ba ne. Jiki ne ya rufe, yadda ƙafa ke mutuwa in ka daɗe a zaune a kanta. Washegari ta ɗauki tulu ta tafi gulbi, ni kuma na je na sake wa makara igiya, don an yi rasuwa a gidan mahauta.

Duba-gari ya soke tsakuwa. Ya ce daga yanzu suna yake so, da gidan, da shekaru, tun daga ranar da cutar ta shigo, babba da yaro har jinjirin da aka yi wa suna jiya. Mai unguwa ya ce ƙafa ke damunsa, ni zan je. Maza ba su san komai ba, kowa na gidansa ma sai ya yi tunani. Sai na zauna gaban Kulu da yamma tana tsince tafasa, ta riƙa kawo mini su gida gida, daga bakin kasuwa har ƙarshen lungunmu, wane ɗan wane, wance 'yar wance, wannan ya yaye, wannan bai yi haƙori ba. Murya guda, ba hawa ba sauka. Ina maimaitawa har na haddace. Da ta zo gidan da ke jikin namu ta faɗi nasu, ta tashi ta shiga ɗaki.

Ranar kasuwa na shiga layi bayan masu unguwanni. Da aka zo kaina na tsuguna gaban tebur na fara. Yana rubutawa, yana tsoma alƙalami, shafi ya cika ya juya. Waɗanda ke bayana suka daina hira. Na kawo na maƙwabtanmu na tsaya.

"Shi ke nan?"

"Da guda gidanmu."

Bai ɗago ba. Na ga alƙalamin ya tsaya a sama kaɗan, sannan ya ce, "Mi as sunanta?"

Na ce matan gida Ladi suke ce mata. Ya ce na yanka yake so. Tun ranar da liman ya raɗa shi aka yi fatiha, sunan nan bai taɓa bi ta bakina ba, ko ni kaɗai, ko a zuci ban cika kusantarsa ba. Ga dattawan gari tsaye a bayana, sa'o'in ubana. Na buɗe baki ya fito ƙasa-ƙasa.

"Ɗaga murya, ban ji ba."

"Hadizatu."

Ya rubuta, ya tambayi shekaru, na ce ba ta cika biyu ba. Ya rubuta wannan ma, ya hura tawadar ta bushe, ya kira na bayana.